An bar jaki ana dukan taiki: martani kan gishiri da bitamin wajen rage ƙiba

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya rubuta kan masu rejim, masu rage ci domin ƙiba ta sauka, na kuma ga yadda mutane suka karɓe ta hannu bibbiyu a nan Maraɗi. Magana biyu ya kawo. Ta farko, wai a ƙasa mai zafi irin tamu duk wanda ya rage gishiri wasa yake da ransa, tunda gumi ya riga ya kwashe na jikinsa. Saboda haka mai rejim ya ƙara gishiri a abinci, in ya ji jiri ya jiƙa kanwa ya sha. Ta biyu, wai bitamin ba ya yawa: tunda mutum ya rage ci, ya cike gurbin da ƙwayoyi da siro, ko nawa ya sha jiki zai ɗauki abin da yake so, sauran ya fita da fitsari.

Ba na shakkar niyyar Malam marubucin. Ya ga mutane suna horar da kansu da yunwa, ya ji tausayinsu. Amma shawarar tasa a juye take. Abin da ya tsorata mutane da shi ba kasafai yake cutarwa ba, abin da ya ce a sha ido rufe kuwa shi ne mai iya kwantar da mutum asibiti. Cikin masu karanta shi akwai masu hawan jini, akwai mata masu ciki, don haka shiru ba zai yi ba.

Mu fara da gishiri, mu kuma fara da awo. Abin da likitoci ke nufi in suna maganar gishiri shi ne sodiyam da ke cikinsa, kuma giram 1 na gishiri yana ɗauke da sodiyam kusan miligiram 400. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai miligiram 2000 a yini, wato gishiri giram 5, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ƙiyasin hukumar ya nuna matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya haura giram 10, ninki biyu ke nan. Abin da jiki yake buƙata don ya yi aikinsa kuwa bai kai miligiram 500 na sodiyam ba. Tazarar da ke tsakanin abin da muke ci da abin da muke buƙata tana da faɗi ƙwarai, kuma a cikin wannan tazara mai rejim yake yawo ko ya rage rabin gishirinsa.

Wanda ke shakka ya tsaya kusa da murhu a kowane gida, a unguwar Zariya ne ko Bagalam ko Ali Ɗan Sofo, ya dubi hannun uwargida. Ta ɗebo gishiri a tafin hannu ta watsa a tukunya. Ta ɓare dunƙule biyu ko uku ta marmasa, alhali kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne, sinadarin ɗanɗanon da ke cikinsa ma sodiyam gare shi. In kuɓewa ce ko wake, ta jefa ƴar kanwa don miya ta yi yauƙi ko waken ya dahu da wuri, kanwa kuwa ita ma sodiyam ce, ko da harshe bai ji ta kamar gishiri ba. An sauke, an zuba, sai a miƙo kwalbar yaji, wanda aka daka da gishiri da wani dunƙulen. Tuwon dare kaɗai ke nan. Ba a zo kan burodin safe ba, da ɗanwake, da tsire da kilishi, da kifin gwangwani, da taliyar leda mai ƙullin kayan ɗanɗano da yaranmu suka saba da ita. A irin wannan ci ne Malam yake jin tsoron gishiri zai yi wa mutum kaɗan.

Ya kuma manta da ƙoda. In gishiri ya ragu a abinci, jiki yana fitar da wani sinadari da ake kira aldosteron, wanda ke umartar ƙoda ta riƙe sodiyam, har wanda ke fita da fitsari ya koma ɗan kaɗan. Wannan sinadari yana rage na cikin gumi ma, shi ya sa gumin wanda ya saba da zafi bai kai na baƙo gishiri ba. A babban binciken INTERSALT da aka wallafa a 1988, wanda ya auna mutum sama da 10,000 a ƙasashe 32, an tarar ƴan ƙabilar Yanomami na dajin Birazil kusan ba sa cin gishiri ko kaɗan, suna aikin ƙarfi cikin zafi, kuma jininsu ba ya hawa ko sun tsufa. Ba sai mun je Birazil ba ma. Kakanninmu na Katsinar Maraɗi da Gobir ta Tibiri gishirin Bilma da Faci suke jira a bayan raƙuma, kantu da beza, abu mai kuɗi da ake tattalinsa. Ba su san dunƙule ba. Ranar da ke dukanmu ita ta dake su, kuma sun fi mu noma.

To daga ina jirin da Malam ya gani yake fitowa? Akwai ciwon ƙarancin sodiyam a jini, gaskiya ne, kuma yana kisa. A lafiyayyen mutum awon sodiyam na jini yana tsakanin 135 da 145. In ya sauka ƙasa da 135 an shiga matsala, in ya yi ƙasa sosai sai ciwon kai, tashin zuciya, ruɗewa, jijjiga, har suma. Sai dai wannan awo ba ya faɗin yawan gishirin da mutum ya ci. Yana faɗin yadda gishiri yake idan aka gwada shi da ruwan da ke jiki. Miyar da aka sa wa gishiri daidai, in aka tuttula mata ruwa kwano uku za ta yi lami, alhali ko ƙwaya ɗaya ta gishirinta ba ta ɓace ba. Mafi yawan masu wannan ciwo haka abin yake a jikinsu: ruwa ne ya yi yawa, ko ƙoda ta kasa fitar da shi. A tseren gudun fanfalaki na Boston na 2002 an ɗebi jinin ƴan tsere 488 bayan sun gama, aka sami kashi 13 cikin 100 sodiyam ɗinsu ya sauka, kuma babban dalilin shi ne yawan shan ruwa a hanya, har wasu suka gama tseren sun fi yadda suka fara nauyi.

Mu a Maraɗi bai kamata wannan ya zame mana baƙon ilimi ba, domin ma'aikatan lafiyarmu sun daɗe suna aiki da shi. Tun yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar MSF ta kula da dubun dubatar yara masu tamowa a wannan jiha, duk wanda ya yi aiki a cibiyoyin farfaɗo da yara na Maraɗi ko Madarunfa ya san ƙa'idar. Yaro mai tamowa mai tsanani awon jininsa kan nuna sodiyam ya yi ƙasa, amma jikinsa cike yake da shi, ya taru a inda bai kamata ba. In aka ɗura masa gishiri, zuciyarsa na iya kasawa. Shi ya sa ba a ba shi ruwan gishiri da sukari irin na kowa, mai awon sodiyam 75 a lita, sai wani na musamman mai suna ReSoMal, mai 45. Wato ko a jikin wanda yunwa ta fi kowa ci, likita ba ya gaggawar ƙara gishiri. Malam kuwa ya ba wa ƙosasshen mutum mai neman rage teɓa izinin jiƙa kanwa don kawai ya ji jiri.

Inda mai rejim yake faɗawa haɗari na gaske, wuri uku ne, kuma Malam bai ambaci ko ɗaya ba. Na farko shi ne shawarar da ke yawo cewa a bar abinci a dinga ɗurar ruwa, lita 5 ko 6 a yini, wai yana wanke kitse. Lafiyayyar ƙoda ba ta fitar da abin da ya wuce kusan lita 1 a awa, kuma tana buƙatar abin da ke fitowa daga abinci, gishiri da ragowar furotin, domin ta yi fitsarin da shi. Mutum ya daina ci ya ninka sha, ya rage wa ƙoda kayan aiki ya kuma ƙara mata kaya. Na biyu shi ne shayin rage tumbi da ake sayarwa a kwali. Da yawansu ganyen dangin filasko ne a ciki, abin da iyayenmu suka sani maganin wankin ciki ne na yini ɗaya, amma yanzu a ce a sha safe da yamma wata guda. Nauyin da ke sauka ruwa ne, yana kuma tafiya da sodiyam da fotasiyam. Wasu kayan rage ƙiba an sha kama su a ƙasashe daban-daban da sibutramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda illarsa ga zuciya. Na uku, ƙwayar sa fitsari irin su Lasilix, wadda aka yi domin masu kumburi da ciwon zuciya, amma wasu ke sha don sikeli ya nuna sun sauka. Waɗannan su ne ke sauke sodiyam na jini. Maganinsu a daina su, a ci abinci, a sha ruwa gwargwadon ƙishi. Ƙara gishiri a miya alhali ana ci gaba da shan filasko ba ya gyara komai.

Jiri kuma ba shi da uwa ɗaya. Sukarin jini na iya sauka, jini na iya ƙaranci, zazzaɓin cizon sauro na iya kasancewa a hanya, ko kuma mai hawan jini ya rage nauyi har maganinsa ya yi masa ƙarfi, yana buƙatar likita ya rage masa. Wanda ya bar tuwo da shinkafa gaba ɗaya ma yakan ji kasala a makon farko, domin ƙoda na sakin ruwa da gishiri a lokacin, kuma yakan wuce. Ba a rarrabe waɗannan da tsammani. Ana auna tansiyo, ana auna sukari, in ta kama a yi gwajin sinadaran jini. Ko an tabbatar sodiyam ya sauka, ɗaga shi da sauri na iya lalata ƙwaƙwalwa, don haka aikin asibiti ne da ake yi a hankali.

Akwai inda Malam ya yi gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Manomin Jiratawa da ke tsaye cikin fadama yana ban ruwa a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, yana zubar da gumi lita da yawa, kuma kowace lita na iya tafiya da kusan giram 1 na sodiyam, wani ya fi haka, wani bai kai ba. Haka mai buga bulo, haka ɗan dako a babbar kasuwa. Irin waɗannan ba a ce musu su ci abinci lami. Haka nan mai amai da gudawa. Lokacin da kwalara ta ɓarke a Madarunfa a 2018 ta bazu cikin jiha, ruwan gishiri da sukari ne ya tsayar da rayuka da yawa, kuma kowace uwa ya kamata ta san haɗinsa: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Amma mu tambayi kanmu, wa ke yin rejim a garin nan? Ba manomin Jiratawa ba ne, shi ba shi da teɓar da zai rage. Alhajin da ke wuni zaune a kanti ne, da ma'aikacin ofis, da Hajiyar da likita ya ce ta sauke nauyi saboda gwiwa ko sukari ko tansiyo. Malam ya ɗauki hukuncin mai gumi ya ɗora wa mai zaune ƙarƙashin fanka.

Su kuwa waɗannan, gishiri mai yawa shi ne abokin gabarsu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce babba 1 cikin 3 a duniya yana da hawan jini, kusan rabinsu ba su ma sani ba. Kowa a garin nan ya san gidan da aka wayi gari maigida ya faɗi, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. A ƙasar Sin an yi gwaji a ƙauyuka 600 da mutum kusan 21,000, aka ba rabinsu gishirin da aka rage wa sodiyam da kashi ɗaya cikin huɗu aka maye da fotasiyam; sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Ragi kaɗan ke nan, ba a ma hana su gishirin ba. Na san akwai masu bincike, kamar na PURE a 2014, da suka ce rage gishiri ƙwarai da gaske ma yana da nasa haɗari, wasu masana kuma suka soki yadda suka yi awonsu. Ko an ba su gaskiya, gardamar tasu kan masu cin ɗan kaɗan ce. Babu ɗaya cikinsu da ya ce wa mai cin giram 10 ya ƙara.

Maganar kanwa tana da tarihi a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 likitocin Zariya ta Najeriya, Davidson da Parry, sun rubuta kan yawan masu jego da zuciya ke kasa musu aiki, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta bai tabbatar da wannan alaƙa ba, ya fi karkata ga talauci, rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin seleniyam. Ba zan ɗora wa kanwa laifin da ba a tabbatar ba. Abin da babu gardama a kansa shi ne sodiyam ce, kuma mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon ƙoda da ya jiƙa ta ya sha ya warware aikin maganin da ya saya da kuɗinsa. Abu ɗaya da mai rage gishiri zai kula da shi: ɗan da zai ci ya zama mai aidin, domin maƙoƙo bai bar ƙasar nan ba, kuma ƙwaƙwalwar ɗan tayi tana buƙatar aidin.

Yanzu bitamin, inda kuskuren ya fi girma. Hujjar da ke karya maganar Malam tana zagaya ƙofofin gidajenmu tun 1997, shekarar da Nijar ta haɗa rabon bitamin A da ranakun rigakafin shan inna. Kowace uwa ta ga ma'aikaciya ta yanke bakin kafso ta matsa a bakin yaro, shuɗi ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Jan nan yana ɗauke da UI 200,000, ma'aunin da ake rubutawa UI ko IU a jikin kwalba. Me ya sa ba a sake ba yaron sai bayan wata 4 zuwa 6? Domin hanta ta ajiye shi, tana sakinsa a hankali. Da bitamin A yana fita da fitsari kamar yadda Malam ya ce, da wannan rabo bai yi amfani ba ko na mako guda. Abin da jiki ke ajiyewa kuwa yana iya taruwa ya wuce kima.

Bitamin A da D da E da K cikin kitse suke narkewa, ba sa bin fitsari. Babba yana buƙatar bitamin A kusan mikrogiram 700 in mace ce, 900 in namiji ne, iyakar da ba a so a wuce kuma 3000, daidai da UI 10,000. Wanda ya daɗe yana wuce ta zai iya samun ciwon kai mai nacewa, bushewar fata, zubar gashi, ciwon ƙashi, har lalacewar hanta. Wuce iyakar nan ba wuya. Kafso ɗaya na safe, siro na ƙarin kuzari da rana, man kifi da dare, ga kuma hanta da aka ce a dinga ci don ƙarin jini, alhali giram 100 na hantar rago ko ta sa kaɗai ya haura iyakar yini. Cin hanta ranar Layya ba komai. Mayar da ita abincin kullum tare da kafso uku, wannan shi ne abin gudu.

Bitamin D ma haka. Iyakarsa ga babba UI 4000 ne a yini, amma a farmasi akwai ƴar kwalbar gilashi mai UI 100,000 ko 200,000, wadda likita ke rubutawa a sha sau ɗaya cikin watanni. Matar da ba ta fita rana na iya buƙatarta da gaske. In ta mayar da ita ta kowane mako saboda an ce bitamin ba ya yawa, kalsiyam zai taru a jini, sai ƙishi da yawan fitsari, amai, tsakuwar ƙoda.

Malam zai ce to ai B da C cikin ruwa suke narkewa. Haka ne, kuma fitsarin nan mai ɗorawa da mutum ke gani bayan ya sha ƙwayar B, ragowar B2 ce ke fita, shi ya sa mutane suka yarda duk sauran ma haka suke tafiya. Amma tun 1983 likitoci a Amurka suka ba da rahoton mutanen da yawan B6 ya lalata musu jijiyoyi, ƙafa da hannu suka mutu, tafiya ta gagara. Abin takaici, mai jin tafin ƙafarsa yana zuga yakan ɗauka ƙarancin bitamin ne, ya ƙara sha. Bitamin C in ya wuce miligiram 2000 a yini yana sa zawo, yana kuma iya taimaka wa tsakuwar ƙoda, alhali ƙwaya ɗaya mai tafasa cikin kofi takan kai miligiram 1000. Ita wannan mai tafasar, abin da ke sa ta kumfa sodiyam ne, wata har miligiram ɗaruruwa, wato mai hawan jini yana shan gishiri da sunan bitamin. Ko sinadarin da ke ba karas launinsa, da aka matse shi cikin ƙwaya aka gwada a wani bincike kan masu shan taba sama da 29,000 a Finlan, sakamakon 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 ga waɗanda suka sha, saɓanin abin da masu binciken suka yi fata.

Duk wannan in abin da ke cikin kwalbar bitamin ne da gaske. Je tasha ka tsaya gaban mai tallan magani. Faranti ne ko akwatin katako a bayan keke, katin ƙwayoyi an ɗaure su da roba, ja da kore da rawaya, rana ta dake su tun safe har launin kwalin ya koɗe. Mace ta zo ta ce jikinta ba ƙarfi, ya zaro kati biyu ya yanka da reza, ya ƙulla a leda, ya ce bitamin ne, ɗaya safe ɗaya dare. Ba kwali, ba takarda, ba ranar lalacewa. Cikin abin da ake sayarwa da wannan suna akwai maganin buɗe ciki, akwai deksametazon, dangin da mutane ke kira sha-ka-fashe, mai kumbura fuska, mai tayar da sukari da tansiyo. Wadda ta fito neman ƙarfin ci gaba da rejim ta koma gida da abin da zai ƙara mata ƙiba da ciwo. A garin da wannan farantin yake kowace kusurwa, a ce wa mutane bitamin ba ya yawa, an buɗe ƙofar da ba a san abin da zai shigo ta cikinta ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Babbar matsalar jiharmu rashi ne. Binciken lafiyar jama'a na Nijar na 2012 ya sami ƙarancin jini ga kashi 73 cikin 100 na ƙananan yara da kashi 46 na mata, kuma dundumi ba baƙon ciwo ba ne a ƙauyukanmu. Ƙwayar ƙarin jini da ungozoma ke bayarwa wajen awon ciki, mai ƙarfe da folik, a sha ta kullum kamar yadda aka ce, a kuma ɓoye ta inda hannun yaro ba ya kai, domin in ya haɗiye da yawa guba ce. Jan kafson yara a bari a ba su. Mai rejim da ya rage ci sosai, ƙwaya ɗaya ta haɗakar bitamin mai awon buƙatar yini, daga farmasi, ba ta da laifi. Waɗannan duk an auna su, an san wa za a ba, an san sau nawa. Shawarar Malam ita ce ta cire awon.

Kuma abin da ya fi ba ni haushi a maƙalar shi ne ya tura mutane kanti alhali ga Jiratawa da Tibiri a bayan gari. Zogalen da ake nomawa a kwarin Gulbi har Yamai ake kai shi. Bitamin A na cikin zogale da karas da kabewa da mangwaro wani iri ne da jiki ke juyawa gwargwadon buƙatarsa, in ya ƙoshi ya rage. Iyakar abin da yawansa zai yi shi ne tafin hannu ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya kuma washe in an sassauta. Kwaɗon zogale da ɗan ƙuli da tumatir da albasa yana cika ciki ba tare da ya tara kitse ba, ɗan man da ke cikin ƙulin yana taimaka wa jiki ya tsotsi bitamin ɗin, ga fotasiyam da ke sassauta hawan jini. Sai dai kada a tafasa ganyen har ya mutu, kada kuma a cika shi da dunƙule. A haɗa da wake, rama, yakuwa, nono, ƙwai, kifin Madarunfa in an samu. A rage malmalar tuwo, a rage sukarin shayi da lemon kwalba da soye-soye. Mai ciwon ƙoda kaɗai zai fara tambayar likita kafin ya yawaita ganye da gishiri mai fotasiyam. Wanda kuma yake da kwalabe uku ko huɗu a kan tebur, ya zuba su duka a leda ya kai wa likita ko mai farmasi, a tara masa abin da yake sha a yini, domin kowace kwalba ita kaɗai tana iya zama daidai, jimillar ce ke wuce iyaka.

Saura mutum ɗaya da nake roƙon Malam ya tuna da ita. Matan da ke rejim da yawansu masu haihuwa ne, wasu ma don neman haihuwar likita ya ce su rage nauyi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1995 ya nuna matan da suka sha bitamin A na ƙwaya fiye da UI 10,000 a yini a farkon ciki sun fi haifar jarirai masu nakasa a fuska, zuciya da ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar wa mai ciki wannan iyaka. Gaɓoɓin ɗan tayi a makonnin farko suke haɗuwa, lokacin da mace sau da yawa ba ta ma san ta ɗauki ciki ba, tana nan tana shan kafsonta na safe da siro na dare bisa shawarar da ta karanta. Saboda ita, da kuma mai hawan jinin da aka ce ya jiƙa kanwa, nake roƙon Malam ya fito a rubuce ya janye waɗannan shawarwari biyu, a wurin da ya wallafa su.